Baƙar kyanwar da muka ɗauko a Lesta

Ɗan ƙaramin mage muka je nema. Yarana sun daɗe suna roƙo, sai wata Asabar muka nufi gidan kula da dabbobin da aka rasa mai riƙonsu, a gefen garin Lesta a Ingila. Ƙananan duk an riga an yi musu kamu. A keji na ƙarshe kuwa akwai wata baƙar kyanwa mai shekara 9, ta juya wa ƙofa baya, ko kallonmu ba ta yi ba. Tsohuwar da ke riƙe da ita ce ta rasu, dangi suka kawo ta, kuma wata biyar ke nan ba wanda ya tambaye ta. Ma'aikaciyar ta ce manya kan daɗe a wurin, baƙaƙe kuma sun fi daɗewa. Maganar ta tsaya mini a rai har muka koma mota, na ce wa maigida mu koma ciki.

Da daddare na kira Inna a Kano. "Ke 'yar nan, baƙar mage a cikin gida? Ba kya tsoro?" Na ce, "Inna, ai Abu Huraira ma da kyanwa aka san shi." Ta yi shiru kaɗan, sannan ta ce Allah ya sa albarka.

Kafin ma'aikatan gidan su ba mu ita sai da suka tambayi yanayin gidanmu, shekarun yara, da ko muna kusa da babban titi. An riga an yi mata allurar rigakafi da aikin hana haihuwa, kuma tana da wata 'yar na'ura mai girman ƙwayar shinkafa a ƙarƙashin fatar wuya, mai ɗauke da lambar rajistar da ake gano mai dabba da ita. Tun 10 ga Yuni 2024 doka ta wajabta sa wa maguna ita a Ingila, wanda ya ƙi ana iya cin sa tarar da ta kai fam 500. Namu aikin shi ne mayar da rajistar zuwa sunanmu.

Kuskuren farko nawa ne. Muna isowa gida ta shige ƙarƙashin gado, ni kuma tausayinta ya sa na jawo ta in lallashe ta. Ta yakushe ni a hannu, ta koma ciki, ta ƙi cin komai har washegari da yamma. Likitan dabbobi ya ce kada mu yi wasa da hakan, domin kyanwa idan ta kwana biyu ko uku ba ta ci ba hantarta na iya lalacewa. Ya ce mu ware mata ɗaki guda, abinci da ruwa a kusurwa ɗaya, tiren yashin bayan gidanta can nesa, mu daina kai mata hannu.

Haka na yi. Bayan isha'i nakan zauna a ƙasa in yi ta ninke kayan yara, ba na kiranta. Idan idonmu ya haɗu sai in lumshe nawa a hankali in kau da kai, kamar yadda aka koya mini. A dare na goma sha ɗaya ta fito, ta shinshina gefen zanena, ta kwanta ta jingina da ƙafata. Na ji wannan 'yar ƙarar da muke cewa tasbihi take yi tun muna yara. Ban motsa ba sai da ƙafar ta yi sanyi.

Akwai abin da gidan Bahaushe ya kamata ya kiyaye sosai. Ɗana ya taɓa tsamo mata nama daga miya, ni ban sani ba sai da na gani da idona. Albasa da tafarnuwa suna lalata jinin kyanwa, kuma miyarmu ba ta rabuwa da su. Farasitamol ko ƙwaya ɗaya na iya kashe ta. Yanzu naman da za a ba ta daban nake dafawa, ba gishiri ba magi.

Kuɗi ma sun fita. Haƙoranta biyu sun ruɓe sai da aka cire, inshora kuma ba ta biyan ciwon da dabba ta zo da shi. Muna kai ta gwajin jini saboda ciwon ƙoda, wanda ya yawaita a tsofaffin maguna. Amma ba ta taɓa yage labule ba, ba ta taɓa ɓata ɗaki ba, ta zo da tarbiyyar tsohuwar da ta rene ta.

Yara sun sa mata suna Gimbiya. Da asuba ina shimfiɗa darduma take zuwa ta zauna a gefe, ta jira in sallame kafin ta nufi kwanonta.