Godiya bayan an gano tushen ciwon bayana

Assalamu alaikum 'yan uwa da abokan arziki.

Alhamdulillahi, sauƙi ya samu. Ciwon baya da na kwankwaso da suka daɗe suna hana ni sakat sun lafa, har ina iya doguwar tsayuwa. Masu kira da masu zuwa dubiya, Allah ya bar zumunci.

Godiya ta musamman ga likitar gashin ƙashi da ta ƙi tsayawa a kan inda nake nuna mata yana ciwo. Ta kwantar da ni ta auna kowace ƙafa, daga ƙashin ƙugu zuwa idon sawu. Daga nan ta tsayar da ni, tana cusa ƙananan katakai ƙarƙashin ƙafar hagu har ƙuguna ya daidaita. Hoton ƙashi da aka ɗauka ina tsaye ya tabbatar da zarginta: ƙashin cinyar da na karya tun ina yaro ya haɗe, amma ya gaza ɗan uwansa da wajen santimita 2.

Likitan ƙashi ya zauna ya warware mini zance, kuma ba zan manta da haƙurinsa ba. Idan ƙafa ɗaya ta gaza, ƙugu yakan karkata ta ɓangarenta, ƙashin baya ya lanƙwashe don kai ya tsaya daidai, doguwar ƙafar kuma ta riƙa tanƙwara gwiwa a tafiya. Shekara da shekaru a haka, tsokar baya ta gaji, gaɓoɓi su fara kuka. Ya ce gibi irin nawa ba ya bukatar tiyata, ɗaga takalmi da motsa jiki sun wadatar. Sai gibi ya yi yawa ake maganar tsawaita ƙashi, wanda ake ja kamar milimita 1 a rana.

Baba mai gyaran takalmi, kai ma ka yi mini rana. An ce a ƙara tsayin kaɗan-kaɗan saboda jiki ya saba, ka yi ta ɓare tafin takalmin kana sake liƙawa ba tare da ƙosawa ba. Aikinka ya yi kyau, sai na faɗa ake ganewa.

Uwargida, ke kika fara lura cewa dunduniyar takalmana ba sa cinyewa daidai, kika matsa sai na je an duba. Ke kuma kike tashina motsa jiki ko a ranar da kasala ta kama ni. Allah ya saka miki da mafificin alheri.

Waɗanda ke kwance, Allah ya tashi kafaɗunsu. Amin.