Tarihin Rayuwata, Kashi na 11: Kalangun da ba shi da hammata

Makon jiya mun tsaya a inda maigidana ya damƙa mini makullin situdiyonmu na unguwar Yelwa a Garwa ta ƙasar Kamaru, ya hau mota zuwa Ngaundare don ya kama jirgin ƙasa na Yawunde. Abin da ya bar mini bai taka kara ya karya ba: fiyanon Yamaha PSR, kwamfuta mai manhajar haɗa kiɗa ta FL Studio, sifika biyu, da makirfo ɗaya. Watan Afrilu ne, zafin Garwa ya haura 40, ga shi dole a kashe fanka duk lokacin da za a ɗauki murya.

Aikin farko da ya faɗo hannuna waƙar biki ce. Wata Hajiya, matar wani babban mahauci, za ta aurar da autarta. Mawaƙin ya rera, 'yan amshi suka amsa, na haɗa kiɗan yadda kowa ke haɗawa a lokacin: a ɗauki linzamin kwamfuta a jera bugu a kan layi, a kwafi zagaye ɗaya a liƙa har ƙarshen waƙa. Hajiya ta zo ta saurara, ta gyara mayafi, ta ce, "Ɗana, waƙa ta yi. Amma kalangun nan ba ya magana." Gidan mahauta kuwa ba a yi musu gardama a kan kalangu, gangarsu ce tun kaka da kakanni. Ta ce za ta turo mini makaɗin gidansu.

Kafin ya iso, bari in faɗi abin da ke cikin akwatin. Bugun da nake jerawa a kwamfuta da tsarin da ake kira MIDI yake aiki. MIDI ba sauti ba ne, umarni ne. A 1983 aka fito da shi, bayan Dave Smith na kamfanin Sequential Circuits a Amurka da Ikutaro Kakehashi na Roland a Japan sun tsaya kai da fata sai kayan kiɗan kamfanoni daban-daban sun fahimci juna. Abin da yake gaya wa na'ura shi ne wane sauti za ta buga, yaushe, da wane ƙarfi, kuma yaushe za ta sake shi. Ƙarfin bugu yana da lamba daga 1 zuwa 127. In da linzami ka jera, kowane bugu a kan 100 yake sauka, kuma daidai kan layi.

Baba ya iso bayan la'asar, kalangu a rataye, goro a baki. Na gaishe shi, na ba shi kujerar maigida, na kunna. Bai kai rabin waƙar ba ya ɗaga hannu.

"Yaro, wa ya kaɗa wannan?"

"Kwamfuta ce, Baba."

"To, ba ta da hammata."

Ya janyo kalangunsa ya nuna mini. Bugu ɗaya ya yi, ya matse tsarkiya, amon ya tashi sama. Ya sassauta, amon ya gangaro. Da wannan matsa da sassautawa kalangu ke bin hawa da saukar muryar mai kirari, shi ya sa bamahauce zai ji takensa daga nesa ya miƙe. Nawa kalangun sauti ɗaya ne a sandare, ana ta maimaita shi.

Na roƙe shi ya kaɗa a kan kiɗan in ɗauka. Da ya gama na buɗe hoton sautin a fuskar kwamfuta na ɗora shi a kan layukan awo. Waƙar tana tafiya ne a bugu 120 cikin minti, wato rabin daƙiƙa tsakanin bugu da bugu, tazarar nan kuma ta kasu ƙananan gidaje huɗu a kan layukan awo, kowane gida milisakan 125. Bugun farko na kowane zagaye Baba yana dira a kan layi cak. Ƙananan da ke biye yana ɗan jan su baya, ba su kai rabin gida ba, kuma da sassauci yake taɓa su. In 'yan amshi za su shigo sai ya ɗan yi gaba, ya ƙara nauyin hannu, yana kiran su. Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne a kowane zagaye wuri ɗaya yake jan baya, wuri ɗaya yake yin gaba.

A nan nake saɓa wa samarin da ke cewa ai akwai maɓallin da zai warwatsa bugu da ka, ya ɗaga wannan ya sauke wancan, shi ke nan kiɗa ya zama na mutum. Na gwada shi a gaban Baba, ya yi dariya ya ce yanzu kam ya zama ɗan koyo. Makaɗi yana kauce wa layi ne da dalili: yana kallon ƙafar mai rawa, yana jiran numfashin mawaƙi. Warwatsawa da ka tana da amfani in kaɗan ce ƙwarai, a kan kacau-kacau misali, amma ba ta san inda amshi yake ba.

Daren nan na rushe kalangun na sake gini. Na ajiye linzami na buga da yatsu a kan fiyano, sannan na sa kwantayiz, wato maɓallin da ke daidaita bugu a kan layi, ya ja bugun rabin hanya kawai zuwa layi, ba duka ba. Na bi ƙarfin bugu ɗaya bayan ɗaya, manya sama da 110, ƙanana ƙasa da 70. Hammata kuwa, 'yar tayar lanƙwasa sauti da ke hagun fiyano ita ce ta tsaya a madadinta. Tana da matakai 16,384, don haka santsinta ya isa, sai dai a yadda take zuwa rabin-murya biyu, wato ƙananan matakan fiyano biyu, kawai take hawa ko sauka, kalangu kuwa ya wuce nan, dole a faɗaɗa mata.

Da sauran abu ɗaya. Bugu mai taushi ba bugu mai ƙarfi ba ne da aka rage wa ƙara, fatar ma wani amo take bayarwa. Washegari na sa Baba ya yi mini bugu iri-iri, mai ƙarfi, mai taushi, na tsakiyar fata, na baki, kowanne sau da dama, na yanka su na jera yadda kwamfuta ba za ta fitar da guda ɗaya sau biyu a jere ba.

Sarewar waƙar ita ma ta samu rabonta. Na datse mata wuraren shan iska, na yi amfani da lamba 11 cikin lambobin sarrafa MIDI don dogon sauti ya kumbura ya lafa. Wanda zai kwaikwayi algaita kada ya yi mata haka. Duk wanda ya tsaya ƙofar fadar Lamiɗo ranar hawan Salla ya ga yadda mabusa ke cika kumatu suna jan iska ta hanci, busa ba ta yankewa.

Hajiya ta dawo da ƙawayenta biyu. Ba ta ce komai ba, sai dai kafaɗarta ta fara motsi tun kafin amshi na farko, ɗaya ƙawar kuma ta rangaɗa guɗa har sifika ta yi ƙara. Ta biya, ta ƙara da tukuici.

Da na kai wa Baba nasa kason a gida, ya ƙirga, ya sa a aljihu, sannan ya dube ni.

"Yaro, hannun nan nawa da ka zuba a akwatinka, in wani bikin ya zo, ni za a kira ko shi?"

Na ce masa duk waƙar da na sa bugunsa a ciki yana da kaso. Muka tafa a gaban ɗansa. Maigidana yana Yawunde bai san na ɗauki wannan alkawari da sunan situdiyonsa ba, kuma ranar Juma'a jirginsa zai iso Ngaundare. Yadda muka kwashe da shi, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.