Ɓarnar da hannuna da filashina suka yi

Wata uku da fara koyon gyaran kwamfuta na kashe wa wani mutum RAM ɗinsa, wato ɗan sashen da kwamfuta ke riƙe aikin da take kai a cikinsa, ban ma san lokacin da na yi ba. Ƙura kawai ya ce a kakkaɓe masa. Na zare RAM ɗin, na riƙe shi ta wajen haƙoran nan masu ruwan zinariya, na goge na mayar. Ina kunnawa sai ƙara ɗit-ɗit, allo baƙi ƙirin. Maigidana ya dubi rigar sanyin da ke jikina ya ce, "Yaro, ka taɓa ƙarfe kafin ka sa hannu?" Na sunkuyar da kai.

Ranar na san jiki yana tara wuta in tufafi suna gogar juna, balle in iska ta bushe. Mutum ba ya jin tartsatsinta sai ta kai wajen bolt 3,000, alhali abin da bai kai 100 ba ya isa ya ƙona ƙananan sassan kwamfuta. Tun daga nan nake ɗaura igiyar hannu mai sauke wuta, in maƙala bakinta a ƙarfen akwatin, kuma kowane sashe ta gefe nake kama shi. Ko sukuru ɗaya zan kwance, sai na zare waya, na cire batir, na danne maɓallin kunnawa har ragowar wutar ta fita. Akwatin wutar kwamfuta kuwa ba na buɗe shi ko an roƙe ni, don kafasitocinsa, wato sassan da ke tara wuta a cikinsa, suna riƙe da ita bayan an zare waya. Batirin laftof in ya kumbura, ba dannawa ba hudawa, gobara yake tayarwa.

Wadda ta fi ci min rai ita ce ta filash. Guda ɗaya nake yawo da shi, cike da manhajojin gyara, ina soka shi a duk kwamfutar da ta zo. Wata mata ta karɓi laftof ɗinta, kwana biyu sai ga ta ido jawur. "Malam, aikin makarantar 'yata na shekara guda ya ɓace." Na duba filashinta, kowane fayil ya koma hoton bogi mai 'yar kibiya a kusurwa. Alhamdu lillahi ɓoye su aka yi, ba gogewa ba, na fito da su duka. Da na bi sawun cutar, a filashina ta tsaya. Ni na sa mata.

Mutane komai "bairos" suke ce masa, amma iri-iri ne. Bairos na ainihi yana maƙalewa a jikin wani fayil, sai an buɗe yake tashi. Abin da na ɗauko tsutsa ce, mai kwafar kanta zuwa duk filashin da aka soka. Akwai Trojan, wanda ke shigowa da rigar manhajar kirki, yawanci cikin manhajojin sata da ake saukewa kyauta. Wani kuma shiru yake zaune yana naɗar duk abin da ka buga, har lambar sirrin banki. Wanda nake tsoro shi ne mai garkuwa da bayanai. A watan Mayun 2017 wani irinsa mai suna WannaCry ya kulle kwamfutoci a ƙasashe kusan 150, yana neman dala 300 ta Bitcoin, har asibitoci a Ingila suka soke ganin marasa lafiya. Kuma tun watan Maris Microsoft ta fitar da facin manhaja da ke toshe ƙofar da ya bi ya shiga, da yawa ne ba su sabunta ba.

Yanzu filashina mai makulli ne, ba a iya rubuta komai a kansa. Kwamfutar da nake zargi sai na raba ta da intanet kafin in fara. A daren nan dai ban yi barci ba sai da na kira duk wanda na taɓa wa kwamfuta a makon, ɗaya bayan ɗaya, na faɗa masa laifin nawa ne, ya dawo da ita in wanke masa.