Ba wanda ya faɗa mana sunan ƙungiyar a ranar farko

Tambayar da ake yawan jefo min tun da na fito daga wata ƙungiyar addini da ke jan mutane a ɓoye ita ce, "wai ya aka yi mai hankali kamarka ya faɗa hannun mutanen nan?" Na san masu tambayar ba da mugun nufi suke yi ba, wasu ma tausayi ne, amma wallahi duk sanda na ji ta sai raina ya sosu, saboda a cikinta akwai zaton cewa an zaunar da ni an shimfiɗa min komai a gaba, an ce ga shugabanmu ga dokokinmu, za ka yi nesa da iyayenka, za ka riƙa miƙa abin da ka samu, ba za ka yi aure ba sai da izini, ni kuma na duba na ce na yarda. Ba haka aka yi ba sam. Da haka ake yi da ko mutum ɗaya ba za su samu ba.

Akwai wani ɗan gurup da muke da shi mu da muka fito, ba daga ƙungiya ɗaya muke ba, addinan ma ba ɗaya ba ne, muna haɗuwa ta bidiyo mu yi ta hira har dare ya raba. Ba zan kama sunan kowa ba, ba kuma zan kama sunan inda na fito ba, don akwai mutanen da nake ƙauna da har yanzu suna ciki. Abun da ya fi ɗaure min kai a hirar nan shi ne in mutum ɗaya ya fara ba da labarin yadda aka jawo shi, tun bai kai rabi ba sai ka ga sauran suna gyaɗa kai, wani ma ya ƙarasa masa maganar. Akidun sun sha bamban amma hanyar shigowar kusan guda ce.

Dukkanmu a lokacin rauni aka same mu. Wata baiwar Allah bayan rasuwar mahaifiyarta ne, wani ya shiga jami'a bai san kowa ba, wani aure ne ya mutu, wani kuma aiki ya rasa yana zaune a ɗaki yana jin kunyar fita. Steven Hassan, Ba'amurken nan da yanzu aikinsa kenan taimakon waɗanda suka fito daga irin waɗannan wurare, shi ma ya sha faɗa cewa a 1974 yana ɗan shekara 19 a Kwalejin Queens a New York, bai jima da rabuwa da budurwarsa ba, wasu mata uku suka same shi a ɗakin cin abinci na makaranta suka zauna suna ta jan shi da hira, har ya tambaye su ko 'yan wata ƙungiyar addini ne suka ce a'a. Ashe mabiyan Sun Myung Moon ne, wanda ya kafa cocinsa a Seoul, babban birnin Koriya ta Kudu, a 1954. Sai a 1976 ya samu fita, bayan barci ya kwashe shi yana tuƙa motar ƙungiyar saboda tsabar gajiya ya yi mummunan hatsari, aka kwantar da shi, danginsa suka samu hanyar kaiwa gare shi.

Sai kuma kulawar, wadda ita ce ke rikita mutum. Ka wayi gari da mesej, "ɗan'uwa ya ka kwana, jiya na yi ta tunaninka." An tuna ranar jarrabawarka, an tambayi jikin babanka, ka shiga taro kowa ya miƙe yana murna sai ka ce ka yi shekara ba ka nan alhali shekaranjiya aka rabu. In ka faɗi magana ko ba wata mai nauyi ba ce sai a ce kai Allah ya ba ka basira, mun daɗe ba mu ga mai fahimta irinka ba. Mutumin da ya yi watanni ba wanda ya ce masa ya kake, ka gaya min ta ina zai ga aibun wannan?

Nan ne nake so in ɗan tsaya, domin shi ne abun da ya fi yi mana ciwo bayan mun gane. Kulawar nan tsara ta ake yi. A inda nake, duk wanda ya samo sabon mutum yana da fom da zai cike a kansa, kuma duk bayan haɗuwa sai ya tura rahoto ga na sama da shi: me ke damunsa, da wa ya fi shaƙuwa a gida, yana da mai ba shi shawara ko babu, nawa yake samu, wace tambaya ya yi yau, me ya sa ya yi shiru da aka kawo magana kaza. To ka ga sirrin da ka faɗa wa wanda ka ɗauka amini da daddare kana hawaye, washegari yana gaban mutanen da ba ka taɓa gani ba suna shawarar ta ina za a ɓullo maka. Shi ya sa in ka je karatu sai malamin ya yi magana daidai kan damuwarka, kamar yana leƙa zuciyarka, kai kuma tsigar jikinka ta tashi ka ce lallai wannan daga Allah ne, don ai ba ka faɗa masa ba. Wata 'yar'uwa a gurup ɗinmu ta ce ranar da aka ɗaga matsayinta aka buɗe mata fayil, ta ci karo da nata fom ɗin na tun farko, da rubutun ƙawarta, har da maganar da ba ta taɓa faɗa wa kowa ba a duniya sai ita. Ta ce ba ta fita a ranar ba, sai da ta ƙara shekara biyu, amma daga ranar ba ta sake yarda da kowa a wurin ba.

Ba mu kaɗai ba ne. Waɗanda suka fito daga Shincheonji, ƙungiyar da Lee Man-hee ya kafa a Koriya ta Kudu a 1984, sun yi ta ba da labari iri ɗaya a ƙasashe daban-daban, cewa ana gayyatar mutum ajin nazarin Littafi Mai Tsarki kyauta ba tare da an faɗi na wane ne ba, a yi watanni ana karatu, kuma a cikin ajin akwai tsofaffin mambobi da ke nuna kamar su ma yau suka fara. Sabon da ake son kamawa suna kiransa 'ya'yan itace, tsohon da aka haɗa shi da shi don ya sa masa ido kuma ganye. Wato wanda kuke fitowa aji tare kuna tattauna shakkunku, yana ce maka ni ma da farko na ji wani iri amma mu dai ci gaba mu gani, aikinsa kenan. Duniya ta fi sanin sunansu ne a Fabrairun 2020 da korona ta ɓarke a cocinsu da ke birnin Daegu, inda aka sha wahalar gano waɗanda suka yi cuɗanya, don da yawan mambobin, ko iyalansu ma ba su san suna ciki ba.

Kuma ɓoyewar nan suna da hujjarta, an koya mana ita mun haddace. Wai ba ƙarya ba ce hikima ce, wai mutum bai isa ɗaukar gaskiya gaba ɗaya ba sai an bi da shi a hankali, in ka faɗa masa komai yanzu ya gudu to kai ka hallaka shi. Da wannan ake sa mutumin kirki, wanda ko allura ba zai ɗauka ta wani ba, ya kalli idon abokinsa ya ce "a'a ba ƙungiya ba ce, mu dai 'yan'uwa ne muna karatu." Sannan tun kafin a faɗa maka sunan an riga an yi maka rigakafi. Za a ce kar ka faɗa a gida tukuna sai ka ƙware, Shaiɗan yana bi ta bakin na kusa da kai, kar ka shiga intanet kana bincike don maƙiya sun cika ta da ƙarya. Ranar da mahaifiyarka ta ga ka canza ta tada hankali ta ce ka rabu da mutanen nan, maimakon ka ji tsoro sai imaninka ya ƙaru, ai sun faɗa za a yi haka ga shi kuwa an yi.

Mutane suna son su ce asiri aka yi mana, ko an wanke mana ƙwaƙwalwa. Ni ban yarda da wannan ba, kuma ina ganin yana hana a gane abun. Eileen Barker, wata malamar jami'a a Landan, ta bi diddigin mutane sama da dubu da suka halarci taron gayyata na mabiyan Moon a 1979, ta samu kusan kashi 90 cikin 100 ba su shiga ba, waɗanda suka shiga ɗin ma yawancinsu sun watse cikin shekara biyu. Da wani siddabaru ne da ba za a rasa mutane haka ba. Tun a 1965 ma wasu masu binciken halayyar zamantakewa, John Lofland da Rodney Stark, da suka zauna da mabiyan Moon na farko-farko a yankin San Francisco, sun lura cewa waɗanda ke shiga su ne waɗanda shaƙuwarsu da 'yan ciki ta rinjayi shaƙuwarsu da na waje, akidar daga baya take zama. Wannan shi ne abun da na gani da idona. Ni ba wata hujja ce ta kayar da ni ba, mutanen ne na kasa rabuwa da su, hujjojin daga baya na koye su.

Batun ilimi kuwa ba shi ke kare mutum ba. Ƙungiyar Aum Shinrikyo ta Japan da ajin motsa jiki na yoga ta fara a 1984, ta tara ɗalibai daga manyan jami'o'i, kuma cikin waɗanda suka saki iskar guba a jirgin ƙasa na Tokyo ranar 20 ga Maris 1995 har da ƙwararren likitan zuciya. Mutanen Jim Jones ma, wani mai wa'azi a Amurka, da yawansu abun da ya ja su shi ne coci ne da ke ciyar da mabuƙata, yana kula da tsofaffi, baƙi da farare suna zama sahu ɗaya a Amurkar da wariya ta yi katutu. Ba wanda ya shiga don ya je ya mutu a dajin Guyana, ƙasar da ke Kudancin Amurka inda ya kwashe su ya kai, amma a Nuwamban 1978 mutum 918 suka rasu, kusan 300 yara ne. Ba ina cewa kowace irin wannan ƙungiya can za ta ƙare ba, yawanci ba sa kaiwa nan, shekarun mutum da dukiyarsa da zumuncinsa kawai suke cinyewa a shiru. Amma ƙofar shiga kullum kyakkyawa ce, kuma masu son alheri ta fi ja.

Dan Allah kar wani ya karanta wannan ya ce ina yaƙi da kira zuwa ga addini. Har gobe ni mai imani ne, kuma mai kira na gaskiya yana nan, za ka gane shi don tun farko zai faɗa maka ko shi wane ne da inda ya yi karatu, in ka ce bari in tambayi wani malamin zai ce je ka tambaya, in ka ce ba ka so, ba zai daina gaishe ka ba. A can kuwa ranar da ka ce ka fasa, wayar da ke ruri safe da yamma sai ta yi tsit, waɗanda suka kira ka ɗan'uwa shekara da shekaru su yi bulokin ɗinka a dare ɗaya bisa umarni.

Abun da ya fi nauyi a hirarmu ba ma yadda aka jawo mu ba ne, waɗanda muka jawo ne. Kusan duk wanda ya daɗe a ciki an ɗora masa adadin mutanen da zai kawo, ana karanta sunaye a taro, wanda bai kawo ba a ce imaninsa ne ya yi sanyi ya je ya binciki kansa. Wa za ka kawo in ba wanda ya yarda da kai ba? Ƙanenka, abokin karatunka, matarka. Wani dattijo a cikinmu ya shigar da 'yarsa da hannunsa, yau shi yana waje ita tana ciki da mijinta da yaranta, kuma an hana ta ɗaga wayarsa. In ya fara maganar ba mai iya katse shi. Kuma duk da haka ba za ka ji ɗayanmu yana tsine wa wanda ya kawo shi ba, saboda mun san da zuciya ɗaya ya yi, yana ganin ceto ne yake yi mana, shi ma haka aka yi masa. Fushinmu yana kan waɗanda suka zauna suka tsara fom ɗin, suka san abun da ke cikin darasi na ƙarshe tun ana na farko.

Iyaye kan turo min saƙo suna tambayar ya za su yi da ɗansu. Abun da na ji daga bakin kusan duk wanda ya fito shi ne akwai mutum ɗaya a waje da bai yanke shi ba. Bai zage shi ba, bai ce ka zaɓa ko mu ko su ba, don wannan ita ce kalmar da ƙungiyar ke jira a faɗa. Yana dai kira yana tambayar lafiya, yana tuna masa abubuwan da yake so a da, wani lokacin ya jefa tambaya a hankali, kamar "da ka san haka ne tun ranar farko za ka shiga?" sai ya bar shi da ita ba tare da ya nemi amsa ba. Ni yayata ce ta yi min haka. Na sha ƙin ɗaga wayarta, na faɗa mata maganganu masu zafi da aka koya min, ba ta fasa kira ba, kuma daren da na tattara kayana lambarta ce kaɗai nake da tabbacin in na kira za a ɗauka. Dattijon nan ma shawarar da muka ba shi kenan, yanzu duk wata yana tura wa 'yarsa gaisuwa da tambayar jikokinsa, ba wa'azi ba gori, kuma ya ce ba zai canza lambarsa ba ko za a shekara nawa.