Alhamdulillahi, an sallame mu

Jiya da yamma aka sallame mu, uwa da jaririya, bayan kwana 16. Ina rubutun nan ido yana rufewa, wanda ya ga kuskure ya yi haƙuri.

Matata ce aka kwantar a asibiti tana da ciki, har aka yi mata tiyata aka ciro jaririyarmu. Waɗanda suka bi abin tun daga farko, ba sai na maimaita musu ba. Daren farko ne kawai ya ƙi fita daga raina. Mu fa maganin olsa muka je nema. Kwana uku tana kukan ciwo a ƙasan haƙarƙarinta na dama, ga tashin zuciya, ga ciwon kai. Da yake tun kafin aure tana da gyambon ciki, kowa ya ce shi ne ya motsa, wasu kuma suka ce ƙwannafin masu ciki ne. Ni ma haka na ɗauka. Har na miƙe zan je sayen magani, sai ungozomar da ke aikin dare ta ce, "Malam, dakata tukuna in auna jininta." Ta auna, ta yi shiru, ta sake aunawa a ɗaya hannun. 170 bisa 115. Ba ta ɗaga murya ba, ta dai dube ni ta ce, "Wurin nan da take nunawa, hanta ce a wurin. Ba inda za ku je yau."

Sai da gari ya waye likita ya yi mini bayani. Hawan jinin masu ciki ne ya tsananta har ya taɓa hanta, suna ce masa HELLP. Jajayen ƙwayoyin jini suna fashewa, waɗanda ke sa jini ya daskare kuma suna raguwa. Waɗannan masu daskarar da jinin, na mai lafiya ba sa yin ƙasa da 150,000, nata sun sauko 60,000. Aka yi mata allurar magnesium don kada jijjiga ta kama ta, aka ce maganin ɗaya ne, a raba ta da cikin, alhali satinsa 33. Da aka miƙo mini takardar tiyata hannuna ya ƙi tsayawa. Ungozomar nan, wadda aikinta ya ƙare tun asuba amma ba ta tafi gida ba, ita ta danne mini takardar har na sa hannu. Sista, ko sunanki ban tambaya ba. Allah Ya tsaya miki ranar da babu mai tsaya wa wani, Ya raya miki zuri'a, Ya jiƙan mahaifanki.

Na san ba sa so a ambace su, amma sai na faɗa. Yaya Babba, da ka bar kasuwarka mako guda. Auta, da kika kwana 16 a kan benci. Umma, da ba ki yi mini kallon zargi ko sau ɗaya ba, alhali ni na ce a jira. Maƙwabtana uku da suka zo ba da jini. Ɗaya a cikinsu ba a karɓi nasa ba, gwaji ya nuna yana ɗauke da ciwon hanta nau'in B bai sani ba. Ya shiga da dariya, ya fito jiki a sanyaye, kuma duk da haka washegari sai ga shi ya dawo duba mu. Ku sa shi a addu'a. Allah Ya ba shi lafiya, Ya saka muku duka da Aljanna, Ya sa kada ku ga irin wannan dare a gidajenku.

'Yan uwan da suka ce labari bai kai musu ba, to, yanzu ya kai. Ba komai.

Jaririya ta fito daga kwalba tana shan nono. Uwar za ta koma awon jini ranar Litinin, kuma an ce ta taƙaita karɓar baƙi. Saƙonninku suna nan, zan amsa idan na yi barci.