Yaran masunta da suka gyara min darasin teku

Lokacin bautar ƙasa aka tura ni wani ƙauyen masunta a Akwa Ibom, aka haɗa ni da koyar da jogirafi, ni da ko teku ban taɓa gani ba sai a talabijin, iyakata Dam ɗin Tiga. Ranar da muka zo kan cikowa da janyewar ruwan teku na shiga aji da haddata, nace wata ne ke jan ruwa zuwa ɓangarensa shi yasa ruwa ke cikowa. Wani yaro a baya ya ɗaga hannu yace Malam to ai wata ɗaya ne, me yasa ruwanmu ke zuwa sau biyu a rana? Wallahi shiru nayi, nace masa gobe.

Daren nan banyi barci da wuri ba. Ashe abin ba jan ne kawai ba, bambancin jan ne. Wata na nesa da mu kusan kilomita 384,000, ruwan da ke fuskantarsa shi ya fi jawuwa, tsakiyar duniya ƙasa da haka, ruwan da ke can ɗaya bayan kuma shi ya fi ƙarancin jawuwa sai a bar shi a baya, kenan ruwa ya kumbura gefe biyu, duniya kuma tana juyawa tana bi ta cikin duka biyun. Tsakanin cikowa da cikowa awa 12 da minti 25 ne, kullum abin na ƙara lattin kusan minti 50, irin lattin nan da wata ke yi wajen fitowa bayan sha huɗu ga wata, wanda duk wanda ya tashi a ƙauye ya sani.

Rana ce ta fi ɗaure min kai, duk girmanta tasirinta a kan wannan ruwan bai kai rabin na wata ba, saboda nisanta kilomita miliyan 150 ne, bambancin janta tsakanin gefe da gefen duniya kaɗan ne. Amma in rana da wata da duniya suka jeru layi ɗaya, wato tsayuwar wata da kuma daren sha huɗu, ruwa ya kan cika sosai ya kuma janye sosai, wajen bakwai ga wata da ashirin da biyu sai abin yayi sanyi. Masanin kimiyya Isaac Newton ya bayyana tushen wannan tun 1687, ni kuma har na gama jami'a ina cewa maganaɗisu ne, alhali babu ruwan maganaɗisu a ciki.

Da na koma washegari na zana musu komai a allo, sai naga lokutan duk sun sansu, iyayensu da su suke fita da kwale-kwale, dalilin ne kawai sabo a wajensu. Yaron nan ma cewa yayi in zo bakin ruwa ranar da wata ya cika in gani da idona. Naje, inda na ajiye takalmina da la'asar kafin magariba ruwa ya tafi da ƙafa ɗaya.