Ga ƙannena masu tafiya karatu Maroko, kafin ku hau duwatsun Imlil

Salamu alaikum ƙannena, musamman ku da kuka samu bursu za ku Maroko bana. Na san da an yi hutu wani zai ce ku zo mu je Imlil, wani ƙauye da ke cikin duwatsun Atlas kudu da Marakesh. Ku je wallahi, wurin ya kai a gani, itatuwan gyaɗar turawa ga ruwa na gangarowa tsakanin duwatsu, amma ku ji abin da ya same ni tukuna.

Mu huɗu muka taso daga Marakesh cikin Nuwamba, tafiyar ba ta kai awa biyu ba a taksi, amma da shan shayi da jayayyar kuɗin mota ba mu fara hawa ba sai wajen sha ɗaya. Niyyarmu mu kai Sidi Shamharush, inda akwai wani ƙaton dutse da aka shafe da farin fenti, mu juyo. Wurin kan hanyar dutsen Tubkal yake, mai tsayin mita 4167, shi kam kwana biyu ake masa.

Ni a raina cewa nake wanda ya tashi yana hawan duwatsun unguwar Birni, ya saba yawo cikin ranar Afrilu a Damagaram, mi zai ba shi tsoro. Ashe ba ɗaya ba ne. Damagaram ba ta kai mita 500 ba, Imlil kuwa daga gindinta ma ta haura 1700, iskar ba ta cika ƙirji, muna wuce ƙauyen Arumd na fara haki kaina na sarawa. Abokina ya ce ɗan uwa lafiya kuwa, na ce lafiya lau. Wannan ƙaryar ita ta fi ci mini rai har yau, kunya ce kawai kada a ce na gaza, da na faɗa da mun huta mun juyo da sauran rana.

Mun kai wajen la'asar. Kafin mu gama salla rana ta faɗa bayan dutse, sanyi ya sauko lokaci guda, ni ko ƴar riga ce a jikina duk ta jiƙe da zufa, yatsuna ko igiyar takalmi ba sa iya ɗaurewa. Takalmin ma sabo ne mai santsin ƙasa, na gayu. Kuma saukowa ta fi hawa wuya, kowa ya san wannan sai wanda bai taɓa yi ba, gwiwa na rawa tsakuwa na gudu ƙarƙashin ƙafa. Nan na zame na gurɗe idon sawu.

Wani dattijo mai alfadari Allah ya kawo, na ce Baba taimake ni, bai ce komi ba ya cire bargon da ke kan dabbar ya yafa mini ya ɗora ni. Ina jin warin bargon nan har yanzu.

Don Allah ku fara hawa tun bakwai na safe, ku sa takalmin da ƙafarku ta saba da shi, rigar sanyi da dabino da ruwa cikin sak, ku nemi ɗan jagora na garin ko da za ku haɗa kuɗin ne. Ku yanke tun a ƙasa cewa ƙarfe ɗaya kun kai ko ba ku kai ba za ku juyo. In ɗayanku ya yi shiru da yawa ku tsaya ku tambaye shi sau biyu.

Sati uku na yi ina salla a zaune, Inna ba ta sani ba sai da na dawo gida.